Daga Fim Ɗin Shaihu Umar Zuwa Hanyar Agadas: Tarihin Da Bai Wuce Ba



A zamanmu na ƙarshen wata, bayan an gama maganar kuɗin wata da ta gaisuwar marasa lafiya, wata uwa daga cikinmu ta nemi izinin magana. Ɗanta ya gama karatu shekara uku ke nan babu aiki. Wani mutum ya yi masa alkawarin kai shi Libiya, daga can kuma Italiya, da sharaɗin a biya rabin kuɗi yanzu, sauran yaron ya biya in ya fara aiki. Abin da take da shi a duniya fili ne guda ɗaya, kuma yaron ya matsa mata ta sayar. Aka yi ta ba da shawara, har wani dattijo ya ce da za a samo fim ɗin Shaihu Umar a nuna wa samarin nan, da an huta da dogon bayani. Matasa da yawa a wurin ba su taɓa jin an yi fim ɗin ba. Shi ya sa shugabanni suka ce mu rubuta tarihin wannan hanya mu sa a shafi, don waiwaye adon tafiya ne.

FIM ƊIN DA LABARINSA

Littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya rubuta shi don gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da aka shirya a Zariya, tun yana malamin makaranta. Da yawa cikinmu mun karanta shi a aji. A 1976 Adamu Halilu, ɗan Garkiɗa, ya mai da shi fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar. A shekarar ne kuma aka kafa tsohuwar Jihar Gongola wadda ta haɗa mu da mutanen Garkiɗa, don haka mai fim ɗin na gida ne. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓace, sai daga baya aka gano faya-fayansa, aka gyara su a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Labarin na wani yaro ne daga Kagara da aka sace yana ƙarami, aka yi ta wucewa da shi daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi. Shi Umar ya yi dace, ya faɗa hannun mai tausayi, ya yi karatu ya zama malami. Amma mu a ganinmu zuciyar labarin tana wurin mahaifiyarsa. Ita ba wanda ya ɗaure ta ya fitar da ita. Da ƙafarta ta shiga ayari don neman ɗanta, ta amince da wanda ya ce zai kai ta. A Murzuk aka ha'ince ta, ta ƙare a Tarabulus tana baiwa. Ranar da ɗanta ya same ta jikinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu.

Ku riƙe sunayen nan biyu, Murzuk da Tarabulus. Duka suna cikin Libiya ta yau.

TSOHUWAR HANYA

Tafawa Ɓalewa bai ƙirƙiro hanyar ba. Shekaru ɗaruruwa ayarin raƙuma na tashi daga Kano ya bi ta Damagaram, Agadas da Ghat zuwa Ghadames da Tarabulus. Wata hanyar kuma ta tashi daga Borno ta bi Bilma ta fita Murzuk. Ana kai fatu, turkuɗi, hauren giwa da gashin jimina, a dawo da takarda, alharini, takubba da turare. Ana kuma kai mutane. Turawan nan Denham da Clapperton da suka biyo hanyar Murzuk zuwa Borno a 1822 da 1823 sun rubuta cewa sun ga ƙasusuwan mutane barjat a bakin rijiyoyi, na bayin da ƙishirwa da gajiya suka kashe. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 kuma ya zo har Yola a shekarar, ya ƙiyasta cewa bayi kusan 5,000 ake fitarwa daga Kano duk shekara, wasu zuwa Borno, wasu Nupe, wasu arewa.

Kada mu ɗauka abin ya tsaya can nesa da mu. Kwarin Binuwai yana cikin wuraren da aka fi kwasar mutane a ƙarni na 19. A ƙarshen 1892 wani hafsan Faransa, Louis Mizon, ya taimaka wa Sarkin Muri Muhammadu Nya da manyan bindigogi aka ci garin Kona, aka kama mutane da yawa. Shekara ta gaba, 1893, aka kafa Jalingo a matsayin sansani. Ba mun kawo wannan don tono tsohon miki ba. Jikokin waɗanda suka yi yaƙin da jikokin waɗanda aka yaƙa yau kasuwa ɗaya muke ci, makaranta ɗaya 'ya'yanmu ke zuwa, wasu ma mun haɗa jini. Mun kawo shi ne don mu san cewa garin da muke zaune ya san abin da ake nufi da a raba yaro da uwarsa.

Da Turawa suka zo, dokar Lugga ta 1901 ta hana kama bayi da sayar da su, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne. Ciniki bai mutu nan take ba, sai ya koma ɓoye. Aka riƙa satar shigo da yara daga ɓangaren Adamawa da ke hannun Jamus, a bi da su ta lardin Muri da kogin Binuwai, mai tafiya da su yana cewa 'ya'yansa ne ko ƙannen matarsa. Yaran da ake ƙwatowa sun yi yawa har aka buɗe musu gidaje na musamman. Ɗaya daga ciki, wanda 'yan mishan suka buɗe a Rumaisha a 1909, daga baya Wukari aka dawo da shi. Sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ita kuwa hanyar raƙuma, jirgin ƙasa ne ya karya ta: dogo ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta kai wa Tarabulus hari, kaya suka koma bin teku ta Ikko.

YADDA HANYAR TA FARFAƊO

Mu mutane ne masu tafiya, ba mu musun wannan. Kakanninmu sun je Gwanja fataucin goro, sun kafa zango a Kumasi da Akara, sun tafi Makka a ƙafa har wasu suka zauna Sudan. Cin rani kuwa har gobe ana yi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza. Arzikin man Libiya ya jawo magina, teloli, makanikai da masu gyaran takalmi daga ƙasashenmu, wasu sun je sun dawo da abin hannunsu. Labarin waɗannan ne har yau ake yaudarar yara da shi.

Abin ya juya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Ƙasa ta rabu hannun 'yan bindiga, baƙin haure suka zama haja. Daga Agadas ake loda mutum ashirin da wani abu a bayan Hilux, kowa ya rungumi sanda kada ya faɗo, a bi ta Dirku zuwa Sabha. Wanda ya faɗo ko mota ta lalace masa, sai yadda Allah ya yi. A Sabha kuma akwai gidajen da ake kulle mutum, a kira iyayensa a waya yana ihu ana dukansa, har sai an turo kuɗi.

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu daga yankin Kance suke a Jihar Damagaram, ba nisa da Daura, masu harshe irin namu. Ba Turai ma suka nufa ba, Tamanrasset za su neman abin kai wa baki. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. A farkon watan ne kuma jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya da mutum fiye da 360.

A 2016 'yan Najeriya fiye da 37,000 ne suka sauka Italiya ta teku, sun fi na kowace ƙasa yawa a shekarar, kuma mata a cikinsu sun kai 11,000. A Nuwamban 2017 aka binne 'yan mata 26 'yan Najeriya a Salerno bayan an tsamo gawarwakinsu. A cikin watan ne gidan talabijin na CNN ya nuna hoton bidiyo ana gwanjon mutane a Libiya, ana sallama mutum a kan dala 400. Shekara 81 ke nan bayan soke bauta a Arewa, a ƙasar da aka sayar da mahaifiyar Umar.

Hukumomi ba su zauna ba. Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, aka ƙarfafa dokarta a 2015. Nijar ta yi doka a watan Mayun 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Sai direbobin suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka koma ratse, kuɗin tafiya ya tashi, hatsari ya ƙaru. A Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Abdurahman Tiani ta soke dokar. Dillalai na amfani da wannan suna cewa hanya ta buɗe. Dokar Nijar aka soke, ba a soke hamada ba, kuma gidajen azaba na Libiya suna nan.

Masu fim na zamani sun koma kan labarin. Kenneth Gyang, ɗan Filato, ya yi Oloture wanda ya fito a Netflix a 2020, kan yadda ake yaudarar 'yan mata a fitar da su karuwanci. A 2023 Matteo Garrone na Italiya ya yi Io Capitano, labarin samari biyu daga Dakar da suka bi ta Agadas da Libiya. Duk wanda ya kalle su bayan ya san Shaihu Umar zai ga mota ce kawai ta maye gurbin raƙumi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Akwai bambanci a doka tsakanin mai fasa-ƙwaurin mutane, wanda ka biya ya tsallakar da kai iyaka, da mai fataucin mutane, wanda ya mallake ka yana cin guminka. A kan hanya kuwa bambancin ba ya daɗewa. Wanda ya ce maka tafi yanzu ka biya daga baya ya riga ya sa maka igiya, domin bashin yana iya sayar da shi ga wani, kai kuma ka bi bashin. Nan ne maganar da aka yi wa 'yar uwarmu ta fi tayar mana da hankali.

Kuma ba Libiya kaɗai ba ce. Akwai masu zuwa da maganar aikatau a ƙasashen Larabawa, a karɓe fasfo ranar da aka sauka. Akwai masu bin ƙauyuka suna karɓar yara da sunan za a sa su makaranta a kudu. Jiharmu na da doguwar iyaka da Kamaru ta wajen Sardauna da Kurmi, kuma tun 2017 'yan gudun hijira ke shigowa, mutanen da ba su da kowa, irin waɗanda dillali ya fi so.

Ba za mu ce wa matashi kada ya nemi na kansa ba, mun san halin da ake ciki. Abin da zaman ya amince shi ne: duk ɗan ƙungiya da aka yi wa tayin tafiya, ko aka yi wa ɗansa, ya kawo maganar gaban dattawa kafin a biya ko sisi. A nemi sunan kamfani da takardar aiki a rubuce, a je ofishin shige da fice na nan Jalingo a tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya ce a ɓoye wa iyaye, ko ya ce shi zai riƙe fasfo, a rabu da shi. Waɗanda suka dawo daga can kuma kada mu yi musu dariya, kunyar dawowa hannu rabbana ce ke sa wasu zama cikin wahala har su mutu.

Ita 'yar uwar tamu ba ta sayar da filin ba tukuna. An wakilta dattawa biyu su gana da mutumin, ya sa rana sau biyu bai zo ba. Yaron har yanzu ransa na kan tafiya, yana ganin mu muka tare masa arziki. Muna roƙon duk wanda ke da hanyar aiki ko koyon sana'a da za a sa shi, ya tuntuɓi shugabanni kafin zama na gaba. Wanda kuma ya san inda za a samu fim ɗin Shaihu Umar, ya sanar da mu, muna so mu nuna shi ga matasa tare da iyayensu.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya dawo da na hanya gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda hamada da teku suka cinye.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.