Dogon Turanci: Haddar Jerin Kalmomi ko Sanin Saiwarsu?

Idan Bahaushe ya ce wani yana "dogon Turanci", ba yabo yake yi ba. Yana nufin magana ta yi tsawo, amfaninta kaɗan. Amma wannan Bahaushen ne kuma yake biya wa ɗansa kuɗin lesin a Kawo ko Unguwar Rimi da ke Kaduna domin ya haddace dogayen kalmomin da za su fito a jarrabawar WAEC da JAMB. Matsayin wannan maƙala shi ne hanyar da muke bi da ɗalibai wajen koyon waɗannan kalmomi ta kauce, alhali hanyar da ta dace tana hannunmu tun kafin zuwan Turawa.

Kaduna gari ne da aikin ofis ya raina. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, Turancin takarda ya zama tsanin samun aiki da girma. A nan aka fara buga jaridar New Nigerian ranar 1 ga Janairu 1966, a nan kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa take tun 1976. Ba abin mamaki ba ne idan iyaye a wannan gari suka ɗauki yawan manyan kalmomi a bakin yaro a matsayin shaidar ya yi karatu. Abin dubawa shi ne yadda kalmomin suke shiga kansa. A yawancin azuzuwan share fagen jarrabawa, malami kan cika allo da jeri: kalma a hagu, ma'anarta a dama, wani lokacin an tara su ne kawai don sun fara da harafi ɗaya. Yara su kwafa, su rera, su hadda. Bayan jarrabawa da wata guda, sai ka tarar an zuba ruwa a kwando.

Dogayen kalmomin Ingilishi ba dunƙule suke ba, haɗa su aka yi. Mafi yawansu sun shigo ne daga Latin da Girkanci, wasu ta hanyar Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, wasu kuma malaman kimiyya da likitanci suka ƙera daga baya. Haruffan da suke maimaituwa a cikinsu su ne abin da masana ƙirar kalma suke kira saiwa da ɗafi, wato ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya.

A ɗauki fannin da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna take aiki a kansa: otorhinolaryngology. Haruffa 19 ne, ɗalibi yana gani gabansa ya faɗi. To amma oto kunne ne, rhino hanci, laryngo maƙogwaro, logy kuma fannin ilimi. Kunne, hanci da maƙogwaro ke nan, abin da kowace uwa ta sani. Wanda ya riƙe itis a matsayin kumburi ya buɗe hepatitis da meningitis da arthritis a lokaci guda. Wanda ya san cracy mulki ne, ba democracy kaɗai ya samu ba, har da gerontocracy, mulkin tsofaffi, da kleptocracy, mulkin ɓarayi. Hatta kalmar nan mai haruffa 45 da ake tsorata yara da ita a gasar haɗa baƙi, pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, an ƙirƙiro ta ne a Amurka a 1935 cikin ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa, da gangan don ta yi tsawo, kuma ba ta wuce ciwon huhu da shaƙar ƙurar dutse ke jawowa ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga ɗan Tudun Wada ko Badarawa. Yaron da yake zuwa Islamiyya da yamma, idan ya yi nisa, ana koya masa sarafu, inda baƙaƙe uku suke haifar da dangin kalmomi. Ko bai kai nan ba, Hausar da yake yi kullum cike take da misalin: hukunci, hukuma, hakimi da hikima duk daga tushen Larabci ɗaya suka fito, haka ilimi da malami da alama. A Hausa tsantsa kuma ya san noma, manomi, manoma, ya san ɗinki, maɗinki, maɗinka, ba wanda ya taɓa sa shi haddace su ɗaya bayan ɗaya. Abin takaici, da ya shiga ajin Turanci da safe sai a ajiye wannan basira a bakin ƙofa, kamar ba da ƙwaƙwalwa ɗaya yake karatun biyu ba.

Akwai suka mai ƙarfi da dole a saurara: kamannin haruffa na iya yaudara. Duk mai bin hanyar Mando ya saba ganin tankar mai da rubutun Highly Inflammable da jan fenti a bayanta. Ɗalibin da ya koyi cewa in na kore ma'ana, kamar a invisible, zai iya fahimtar cewa kayan ba sa kama wuta, alhali akasin haka ake nufi, domin wannan in ɗin wani ne dabam. Haka anti na adawa da ante na gabaci, harafi ɗaya ya raba su. A asibiti abin ya fi haɗari: hypertension hawan jini ne, hypotension faɗuwarsa. Sai dai wannan suka, a ganina, hujja ce ta koyar da saiwa da kyau. Mai haddar jeri ba shi da abin da zai sa ya tsaya ya lura da bambancin hyper da hypo; wanda aka nuna wa cewa ɗaya sama yake nufi ɗaya ƙasa, shi ne zai yi hattara.

Wata sukar ita ce lokacin jarrabawa gajere ne. Gaskiya ne, amma saiwoyi da ɗafe-ɗafen da suka fi yawo ba su kai yawan kalmomin da ake tilasta wa yara haddacewa a zango ɗaya ba.

Kayan aikin ne muke da ƙarancinsu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 daga Hausa suke zuwa Turanci. Na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990 suna ba da fassarar kalma, ba aikinsu ba ne su feɗe ta gaɓa-gaɓa. Abin da ɗalibinmu yake buƙata ƙaramin littafi ne mai araha, da zai jera saiwoyin Latin da Girkanci, ya yi bayaninsu da Hausa, ya kwatanta su da abin da yaro ya sani na sarafu da ƙirar kalmar Hausa, ya kuma ware babi guda na masu yaudara irin inflammable.

Masu iya wannan aiki suna cikin gari. Ina kira ga malaman Turanci da na Hausa da na Larabci a Jami'ar Jihar Kaduna da su zauna teburi ɗaya su rubuta shi, Cibiyar Malamai ta Ƙasa kuma ta sanya shi cikin kwasa-kwasan da take horar da malamai da su.