Daga Babbaƙu Zuwa Baƙi da Wasali: Tarihin Koyar da Yara Karatu a Ƙasar Yauri

Tun kafin boko ya iso Yelwa da Wara, ƙasar Yauri tana da tsarinta na koyar da yaro karatu, kuma tsarin a jere yake. A makarantar allo almajiri yakan fara da babbaƙu har ya san kowane harafi da siffarsa, sannan ya shiga farfaru, inda ake ɗora wa haruffa wasali. Malam ba ya ba shi izinin wanke allo sai ya biya abin da ke kai. Kowane yaro da inda ya tsaya, ko da kuwa su hamsin ne a zaure guda.

Boko ya zo da wani salon. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, inda ake koyarwa da Hausa cikin rubutun boko. Sai dai littattafai sun yi ƙaranci, dalilin da ya sa aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar rubutun da ta shirya a 1933 ta fito da Abubakar Imam, shi kuma daga baya ya rubuta Magana Jari Ce domin 'yan makaranta. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, a shekarun 1950 kuma Yaƙi da Jahilci ya kai ajin manya ƙauyukan Arewa. Ta haka Hausa ta zama harshen fara karatu, har a wuraren da ba ita ake yi a cikin gida ba.

Ƙasar Yauri na cikin irin waɗannan wurare. Akwai Gungawa mazauna tsibirai, da Kambari, da Lopawa, da Shangawa, ga Fulani makiyaya, ga Sarkawa masunta. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya cinye tsibirai da gonakin fadama, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Garuruwa sun tashi, sana'o'i sun sauya, masunta daga nesa suka yi ta zuwa suna kafa tunga a bakin ruwa. Ɗan masunci da ke bin mahaifinsa duk inda kifi ya yi, da wuya ya zauna aji daga farkon zango zuwa ƙarshensa. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta shigar da 'ya'yan masunta cikin aikinta daga bisani saboda irin wannan matsala.

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fara shirin UPE na firamare kyauta ga kowa. Yara sun yi tururuwa fiye da yadda aka ƙiyasta, aka horar da malamai cikin gaggawa, wasu azuzuwan aka yi su a gindin bishiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen da yankin ke amfani da shi, amma a makarantu da dama haddar Turanci ta ci gaba da mulki: malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, ba wanda ya san wa ya gane. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin matakin farko ga kowa a Sakkwato a 1999, dokarsa ta biyo baya a 2004. A duk tsawon wannan lokaci abin da hukuma ke ƙirgawa shi ne yawan sunaye a rajista da yawan azuzuwan da aka gina.

Tambayar ko yaron ya iya karatun ta taso ne daga baya. Wajen 2011, ƙarƙashin wani shirin USAID a Sakkwato da Bauchi, an zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa wa kowa takardar Hausa ya karanta cikin minti guda. Mafi yawan 'yan ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Sakamakon ya girgiza jami'ai, kuma daga nan aka samar da littattafan Mu Karanta! a jihohin biyu, da shirin RANA na karatu da lissafi a Katsina da Zamfara. Dukkansu sun koma tushe: sautin harafi, haɗa baƙi da wasali a sami gaɓa, haɗa gaɓoɓi a sami kalma, sannan ɗan gajeren labari da yaro zai karanta da bakinsa. A 2017 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 611 domin shirin ilimi na BESDA a jihohi 17, har da Kebbi, kuma inganta karatu na cikin sharuɗɗan sakin kuɗin.

Wata dabarar daga Indiya ta fito. Ƙungiyar Pratham ta gano cewa shekarun yaro ko ajinsa ba sa nuna abin da ya sani, sai ta riƙa gwada yara tana rarraba su rukuni-rukuni: waɗanda ba su san harafi ba, masu harafi, masu kalma, masu iya labari. A lissafi kuwa tsinke ake amfani da shi, a ɗaure goma-goma, yaro ya ga da idonsa yadda ake kwance dami idan za a ɗebe bakwai daga ashirin da uku. An gwada tsarin a Borno a 2018, sannan a Wudil da Dawakin Tofa ta Kano daga 2019, ya kuma shigo Kebbi. Duk malamin allo da ya ga ajin zai gane ƙa'idar, domin shi ma ba ya ƙara wa almajiri karatu sai ya riƙe na baya.

A ƙananan hukumomin Ngaski da Shanga na ƙasar Yauri aikin na da nasa ƙulli. Yarinyar da ke sayar da busasshen kifi a kasuwar Wara takan iya ba da canji daidai ba tare da alƙalami ba, amma ta kasa rubuta lissafin a allo. Ɗan Kambarin da ya shiga aji ɗaya kuwa yana koyon Hausar aji da karatun ne a lokaci guda, ko da yake a Salka ta Jihar Neja an buga littattafan koyon karatu cikin harsunan Kambari. Ga kuma tsoro: sace ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ya sa iyaye da yawa ɗari-ɗari da makaranta. Hukumar ilimin matakin farko ta Kebbi (SUBEB) da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin ƙasar Yauri ne ke da alhakin kai malami da littafi ƙauyukan bakin tafki, waɗanda wasunsu sai da kwalekwale ake isa da damina.