Daga yaƙin Konya zuwa filin sukuwa: yadda na zaɓi lensin ɗaukar doki a guje

1/ Jama'a, ga zare. Wani ƙanenmu ya turo min saƙo yana tambayar wane lensi zai saya don ɗaukar hawan sallah da sukuwa. Na fara ba shi amsa a layi biyu, sai na ga abin ba ya yiwuwa sai na koma 1826. Ku yi min uzuri, Bagobiri ne ni, ba ma gajarta labarin doki. 🧵

2/ Ni ɗan Kamarawa ne, ƙasar Isa. A gidanmu akwai hoto ɗaya tak na kilin kawuna yana sukuwa ranar sallah, wani mai hoto da ke bin kasuwanni ya ɗauka tun ban yi wayo ba. Itacen da ke baya ya fito tar, har ganyensa ana ƙirgawa. Dokin kuwa farin hayaƙi ne kawai da rawani a sama.

3/ Duk wanda aka nuna wa hoton, Kawu sai ya ce: "Wanga ai ba doki na ba, guguwa ta." A yi dariya. Amma yau dokin babu shi, turken babu shi, filin da aka yi sukuwar ma ba kowa ke iya zuwa ba. Guguwar nan ita kaɗai ta rage mana.

4/ To mu koma baya. Ƙarfin Gobir a kan doki yake. Zamanin Bawa Jangwarzo, daga Alƙalawa ake fita da barade masu lifidi da kwalkwali. Kufan Alƙalawa yana nan cikin ƙasar Sabon Birni, gefen gulbin Rima. Da yawanmu mun girma kusa da shi ba mu taɓa taka wurin ba, har da ni sai da na girma.

5/ A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai masu yawa, jama'ar Shehu kuwa dawakansu ƙalilan ne, yawanci 'yan baka ne a ƙasa. 'Yan baka suka yi nasara. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Sai dai Gobirawa ba su ajiye linzami ba.

6/ A Oktoban 1826 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai yaƙi Konya, inda Gobirawa suka tare a lokacin. Cikin rundunarsa akwai baƙo, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton. Ya tsaya ya kalli yadda masu lifidi ke tunkarar ganuwa, ya rubuta yadda kayan suka yi wa doki da mahayi nauyi, ya kuma rubuta cewa garin bai ciwu ba, rundunar ta janye.

7/ Ga abin da ya sa na kawo wannan. A daidai wannan lokaci, 1826 ko 1827, wani Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauki hoton da yau ake cewa shi ne mafi tsufa da ya rage a duniya. Rufin gidaje ne ta tagarsa. Sai da farantin ya sha haske aƙalla awa 8. Awa 8 fa! Gini ne kawai zai iya tsaya maka haka.

8/ Wato ranar da dawakan Gobir da na Sakkwato ke karo a Konya, babu na'urar da za ta iya kama su a faɗin duniya. Haka Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maradi. Haka kafa Tsibiri bayan nan, haka fitowar Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni wajen 1860. Duk a baki da alƙalami suka iso gare mu.

9/ Doki ne ma ya tilasta wa kyamara koyon sauri. A Amurka wani attajiri, Leland Stanford, ya so ya san ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa in yana gudu. Ya ɗauki mai hoto Eadweard Muybridge aiki. A Yunin 1878, a Palo Alto, ya jera kyamara 12 a gefen fili, kowace tana ƙiftawa in dokin ya iso gabanta.

10/ Amsa: e, suna barin ƙasa. Amma lokacin da ƙafafun suka naɗe a ƙarƙashin ciki ne, ba lokacin da suka miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi. Ku duba zanen doki a bayan tsofaffin motocin katako, yawanci a miƙe za ku gan shi kamar yana shawagi. Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba, Turawa sun yi shi ɗaruruwan shekaru.

11/ Sauri ya samu, saura nisa. Lensin hango nesa ya fito wajen 1891, Thomas Dallmeyer a Ingila yana cikin waɗanda suka fara shi. Lensi mai zuƙowa na ƙananan kyamarori kuwa sai 1959, Voigtländer Zoomar, 36 zuwa 82mm. Kyamara mai saita ganinta da kanta ta yaɗu da Minolta 7000 a 1985.

12/ Ku lura da waɗannan shekarun, sannan ku duba hotunan manyan hawan daba: na Kano a 1925 da Yariman Wales ya zo, na Kaduna a 1956 gaban Sarauniya Elizabeth. Mafi yawan waɗanda suka fito da kyau, doki a tsaye yake ko yana takama. Sarki, laima, dogarai. Ko na FESTAC a Kaduna 1977, hankalin kyamara yana kan manyan masarautu.

13/ Sukuwar ƙauye fa? Samarin da ke fita bayan la'asar ranar sallah, su saki linzami daga bakin gari, su zo su yi zamiya gaban dattawa ƙura ta turnuƙe? Wannan ba wanda ya aiko mai hoto dominta. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, na yi murna wallahi, amma na tuna Kamarawa.

14/ Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki. A Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe a Isa da Sabon Birni, aka dakatar da kasuwannin dabbobi. Wanda ba ya iya zuwa gona da ina zai samo harawa da dawar doki? Masu dawakai da na sani sun sayar. Shi ya sa maganar lensi a wurina ba ta gayu ba ce.

15/ Yanzu ga lissafin. Doki a cikakkiyar sukuwa yana cin wajen mita 15 a daƙiƙa ɗaya. In kyamararka ta ƙifta a 1/60, kafin ta rufe ido dokin ya matsa santimita 25, taƙi guda ke nan. Ga sirrin guguwar Kawu. A 1/250 santimita 6 ne, har yanzu dishi-dishi. A 1/1000, ɗaya da rabi. Ƙafafu sun fi jiki sauri, don haka ni 1/2000 nake so in akwai rana.

16/ Matsalar ita ce gajeriyar ƙiftawa haske kaɗan take bari ya shiga, mu kuma sukuwarmu ta yamma ce, ga ƙura. Nan lambar f take shigowa. Ƙaramar lamba, babbar ƙofar haske. f/4 tana shigar da ninki biyu na f/5.6, f/2.8 kuwa ninki huɗu. Da tsakar rana ba za ka ga bambanci ba. Ƙarfe shida saura, shi ne bambancin hoto da hayaƙi.

17/ Kuskurena na farko: na ɗauka tsawo shi ne komai. Na aro 150-600mm wajen wani abokin sana'a na tafi filin sukuwa na Kano ina ji da kaina. Kilo biyu ne abin nan. Daga can nesa zafin ƙasa ya sa hoton yana rawa kamar kawalwalniya. Da dawakan suka ƙaraso kusa, 150 ta yi min matsi, na dawo da hotunan wuya da gindin sirdi.

18/ Kuma a ƙarshensa f/6.3 ne, rana na yin sanyi ya fara lalube. Wani abu da ba za ku ji a bidiyon Turawa ba: in ka rataya bututu mai tsawon hannu a hanyar Isa, sai ka yi bayani a kowane shinge, kuma akwai inda ba a ba ka damar bayanin. Wannan ma ma'auni ne wajen zaɓen lensi a ƙasarmu.

19/ Me ya sa dole mai zuƙowa? Doki da mahayi tsayinsu wajen mita biyu da rabi. A kyamarar Canon mai ƙaramar sensa irin tawa, 200mm tana cika hoto da su daga mita 35. 70mm tana cika shi daga mita 12. Tsakanin nan da nan, daƙiƙa ɗaya da rabi ce. Babu lokacin canza lensi, babu lokacin ja da baya. Hannunka na hagu ne kawai zai juya zobe.

20/ Abin da na tsaya a kai: tsohon 70-200mm f/4, na hannu. Nauyinsa wajen giram 700, rabin na f/2.8, kuɗinsa ma ya fi sauƙi nesa. Sannan in ka zuƙo, jikinsa ba ya fitowa waje, a ciki gilasan ke motsi. Masu fita da shiga kamar famfon keke suna shaƙar iska, iskar hunturunmu kuwa kun san abin da ke cikinta.

21/ Mai sayarwar Bayarabe ne, da ya ji ni Bagobiri ne ya ce ai bawansa ne ya zo, na ce a'a, ubangidanka dai, rage min. Ya rage kaɗan. Amma wasan taubasai bai hana ni haska fitilar waya cikin gilashin ba. Ku ma ku yi haka: a duba hazo, a duba zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, kayan da suka kwana a danshin Legas suna yinta.

22/ Sannan ka ɗaura shi a kyamararka, ka sa ta a saitin bin abu mai motsi, ka fita bakin titi ka bi ɗan acaɓa yana tunkaro ka. Hoto goma a jere. In bakwai sun fito tar, saya. In injin saitin yana kai da komo yana gurnani, ajiye musu kayansu, doki ba zai jira shi ba.

23/ Kada a ruɗe ku da IS ko VR da ke rubuce a jiki. Canon ta fara sa shi a 75-300mm a 1995, rawar hannunka yake gyarawa. Ba ya tsayar da doki. A 1/2000 kusan ba ruwanka da shi. Yana da amfani in magariba ta yi kana ɗaukar mahayi a tsaye, shi ke nan.

24/ In aljihu bai kai ba, 70-300mm f/4-5.6 mai injin sauri ya wadatar, ka dai yi aikinka kafin rana ta faɗi. In babban fili ne da ba a barin ka matso, ko tseren raƙuma irin na bikin Cure Salée a Ingal, 100-400mm ya fi. Raƙumi bai kai doki gudu ba amma ya fi shi tsawo, kuma filinsa ba iyaka. Masu f/2.8, Allah ya ƙara arziki, ku riƙa ara mana.

25/ Wurin tsayuwa kuma rabin aikin ne. Kada ka tsaya daidai gaban mai sukuwa don ka ga kana da zum. Ta cikin lensi doki yana maka kamar yana nesa alhali ya iso. Ka tsaya a gefe, rana a bayan kafaɗarka, iska tana kwashe ƙurar daga wajenka. Idonka na hagu a buɗe. Ka durƙusa in ka samu dama, doki ya fi kwarjini daga ƙasa.

26/ Ƙura tana yaudarar kyamara, sai ta bar dokin ta kama hazo. Ni ɗigon saiti nake ɗorawa a ƙirjin doki ko kan ado na goshi, inda launi ya bambanta. Kili cikin farar ƙura yana wahalarwa. Akawal ya fi sauƙin kamawa, sai dai fuskarsa takan yi duhu, sai ka ƙara haske kaɗan.

27/ Sallar da ta wuce na samu abin da nake nema, a wani gari da har yanzu samari ke fita. Wani yaro a kan danda, 1/2000, f/4, wajen 135mm. Ƙafafu huɗu a naɗe ƙarƙashin ciki, inuwarsa a ƙasa daban, shi a sama daban. Har zaren jalala ana gani.

28/ Na wanko shi babba na kai wa Kawu inda yake zaune yanzu a Sakkwato. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a tazarar da ke tsakanin kofato da ƙasa. Ya ce: "Ɗana, ashe haka muka tashi sama ba mu sani ba?" Na ce haka ne Kawu. Ya ce to yaron ga likkafarsa ta yi tsawo, a gaya mishi ya rage.

29/ Roƙona: duk wanda ke da tsohon hoton doki na Isa, Sabon Birni, Gatawa, Shinkafi ko Tsibiri a gidansu, ko da hayaƙi ne irin namu, ya ɗauka da waya ya ajiye a ƙarƙashin zaren nan. A rubuta garin da shekarar in an tuna, da launin dokin. Na Kawu zan fara sawa in na koma gida da daddare.