Yadda Masu Ciwon Daji Suka Ƙwaci 'Yancin A Tambaye Su

Jama'a, duk watan Oktoba za ku ga ana ta ɗora hoton ɗan ƙyalle ruwan hoda ana maganar sankarar mama. Ni yau tarihin da ke bayan abin nake so mu duba, don akwai darasi a ciki.

Kusan shekara tamanin a Amurka, macen da aka ga ƙullutu a mamanta hanya ɗaya ake bi da ita. A sa mata maganin barci, a yanki ɗan nama a gwada nan take, in an ga daji ne sai a zarce da tiyata ba tare da an tashe ta ba. A cire maman duka, a haɗa da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata. Sai ta farka ta shafa ƙirjinta sannan ta san hukuncin da aka yanke mata. Wani likita mai suna William Halsted ne ya kafa wannan tiyata a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma zama kamar doka.

A 1974 wata 'yar jarida, Rose Kushner, ta ji ƙullutu a jikinta. Ta shiga ɗakin karatu ta bi rubuce-rubucen likitoci, sannan ta ce sam, a fara gwaji, a tashe ta, a faɗa mata sakamako, ita za ta zaɓa. Ta sha yawo kafin ta samu likitan da ya yarda. Bayan jinya ba ta koma gida ta yi shiru ba. Ta fitar da littafi a 1975, ta riƙa shiga tarukan likitoci tana jefa musu tambayoyi masu zafi. A 1979 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira taron masana, aka sa ta cikin kwamitin, ita kaɗai ce ba likita ko masaniyar kimiyya ba. Taron ya ce a daina ɗaukar tiyatar Halsted a matsayin dole, kuma a raba ranar gwaji da ranar tiyata. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya naɗa ta a kwamitin ba da shawara kan daji na ƙasa.

Kada wani ya ɗauka surutu kawai ya yi aikin. Likitoci irin su Bernard Fisher sun yi gwaje-gwaje a kan dubban mata, kuma a 1985 sakamako ya nuna cewa ga mata da yawa da aka gano cutar da wuri, cire ƙullutun kaɗai tare da gashi da na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire maman. Masana suka kawo hujja, marasa lafiya suka hana a binne ta a takarda.

Daga nan sai batun kuɗi. Matan da suka sha da ƙyar sun ga yadda masu ƙanjamau suka tayar wa gwamnati hankali a ƙarshen shekarun 1980, su ma suka kafa gamayyarsu a 1991 ƙarƙashin wata lauya, Fran Visco. A 1992 majalisa ta ware dala miliyan 210 don binciken sankarar mama, kuma abin mamaki, a cikin kasafin ma'aikatar tsaro. Suka kuma samu kujera a teburin da ake tantance binciken da za a ba kuɗi.

In kun ce ai wannan ƙasar masu kuɗi ce, to ku dubi Indiya. Wata ƙungiyar tallafa wa masu daji ta ƙalubalanci kamfanin Novartis kan neman haƙƙin mallakar maganin sankarar jini mai suna Glivec. A watan Afrilun 2013 kotun ƙolin ƙasar ta ƙi ba kamfanin wannan haƙƙi, kamfanonin gida suka ci gaba da yin mai araha. A Najeriya ma, Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa ƙungiyar BRECAN a 1997 bayan ta warke daga cutar.

Abin da ke damuna shi ne a wajenmu har yanzu ɓoye cutar ake yi, wata ma kunyar faɗar sunan wurin take ji. Wanda ya ɓoye ciwonsa ba zai haɗu da ɗan'uwansa mai irin ciwon ba, balle su je gaban 'yan majalisa su nemi na'urar gashi ko sauƙin magani. In kun raka mara lafiya asibiti, ku taya ta tambaya: wane mataki cutar take, waɗanne hanyoyin magani ake da su, nawa ne kuɗin kowace? Haƙƙinta ne ta ji amsa kafin ta sa hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wanda ya san wata ƙungiyar masu jinyar daji a garinsu, don Allah ya sanar da mu a nan.