Masarar gugguru mai jure fari

Masarar gugguru nau'in masara ce mai taurin ɓawo, wadda ƙwayarta ke fashewa a wuta idan danshinta ya kai wajen kashi 14 cikin 100. Fari ya fi yi mata illa lokacin goyo, domin gemu yakan makara har bununi ya zube, sai zangarniya ta fito da giɓi.

Masana a jami'ar UENF da ke jihar Rio de Janeiro a Brazil suna tantance irin da ganyensa ke daɗewa da kore, saiwarsa kuma ke nutsawa ƙasa. Aikin da wuya: yawancin masarar gugguru na ɗauke da ƙwayar gado ta Ga1, mai hana bununin masarar gama-gari barbararta, kuma irin da ya fi yabanya sau da yawa ba ya kumbura sosai.