Kakan da Aka Ɗaure da Kakan da Ya Sari Daji

Duk wanda ya zauna da dattawan Jiratawa bayan la'asar ya tambaye su asalin gidajensu, ba zai tashi hannu wofi ba. Za a ƙirga masa kakanni biyar ko shida a jere, a nuna masa kukar da wane ya sauka a gindinta, da rijiyar da wane ya gina, da gonar da aka fara nomawa a fadama. Amma in ya kasa kunne da kyau, zai ji wani wuri a cikin jerin inda muryar mai ba da labari take sauka. Akan ce wane "ya yi tafiya", ko "ya ɗan jima a kudu", sannan a wuce da sauri zuwa ga ɗansa.

Haka kakata ta wajen uba takan faɗa game da mahaifinta: ya yi tafiya damina biyu. Sai bayan rasuwarta wani tsoho, abokin ƙanenta, ya shaida mini cewa da igiya a ƙugu aka fita da shi daga gari, don lanhon gidansa bai cika ba. Kwanakin kason kansu ba su taka kara sun karya ba. Sauran damina biyun gudu ne, domin da aka sake shi bai kwana uku a gida ba ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Daga can ya dawo ya sari dajin da danginmu suke noma har yau a jigawa, arewa da Tibiri. Mu a gida, mai kafa gari muke kiransa. A wurin bariki kuwa ɗan kaso ne. Wannan mutum ɗaya mai suna biyu yana nan a gidaje da yawa na ƙasar Maraɗi.

Abin mamaki shi ne, a ƙasar nan gudu bai taɓa zama abin kunya ba, domin masu gudun hijira ne suka kafa sarautunta. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ɗan Kasawa ya fake a ƙasar Damagaram, har zuwa 1819 lokacin da mutanen gulbi suka tayar wa wakilin Fulani suka kira shi ya zauna Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Dukansu sun iske Anna a garuruwansu na bakin gulbi. Maroƙa suna wasa wannan hijira ba tare da ɓoye komai ba. Abin da ba su cika wasawa ba shi ne mutanen da mayaƙan Ɗan Baskore da na Ƙaura Hasau suka koro daga kudu a cikin hare-hare, aka zaunar da su a gidaje da gandaye. Su ma jikokinsu suna nan, su ma ƙasar tasu ce.

Zuwan Nasara ya kawo wani irin ɗauri da ba a saba da shi ba. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasashen Hausa na arewa da wuta a 1899, ta watse kusa da Tasawa. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1906 ta raba Katsinar Maraɗi da Katsinar birni, ayarin Tilho ya bi ya kakkafa alamun iyaka. A Tasawa babban kumandan ya zauna, sai a 1927 aka maido mazauninsa Maraɗi. A hannun wannan kumandan akwai dokar da Faransawa suke kira indigénat, wato dokar ƴan ƙasa, wadda ta ba shi ikon ɗaure mutum har kwana 15 da cin tararsa har faran 100, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Daga baya ne aka rage yawan kwanakin. Laifuffukan kuwa su ne jinkirin biyan lanho, ƙin fita aikin dole, barin gari ba da izini ba, da abin da aka kira rashin ladabi ga hukuma, wanda ma'anarsa tana bakin kumandan da tafintansa. Wanda aka yanke wa ɗauri mai tsawo, kotun ƴan ƙasa ce take yanke masa, ita ma Bature ne shugabanta. Ɗaurarru ba zama suke yi a ɗaki ba: su ne masu sharar bariki, da ɗiban ruwa, da yankan ciyawar dawaki, da gyaran hanya tare da mutanen aikin dole, ta yadda mai wucewa ba ya bambanta wanda aka hukunta da wanda aka tara.

Manya da aka yi wa haka, tarihi ya riƙe sunayensu. An tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa a 1906 aka kai shi Kodebuwa. Sarkin Agadas Tagama ya mutu a kason Damagaram a 1920. Talaka kuwa, ko ɗiyarsa ba ta faɗi.

A daidai waɗannan shekaru ne jigawa ta cika da mutane. A ƙarni na 19 ba mai yin nisa da ganuwa sai mahalbi ko mai ƙarar kwana, amma da yaƙe-yaƙe suka kwanta, sai aka fantsama daji. Dokar 1905 ta hana cinikin bayi a yankin Faransa na Afirka ta Yamma, sannu a hankali bayi suka riƙa barin gandayen iyayengijinsu. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tarwatsa gidaje. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, lanho kuma tsabar kuɗi yake so. Masana irin su Guy Nicolas da Claude Raynaut sun bi sawun wannan yaɗuwa a ƙasar Maraɗi, amma ko ba littafi, sunayen ƙauyuka sun isa shaida: Gidan wane, Garin wane, kowanne da sunan wanda ya fara kafa bukka. Wasu daga cikin masu sunayen ƙannen masu gida ne da gonar gado ta yi wa kaɗan. Wasu bayi ne da suka nemi inda ba a san ubangijinsu ba. Wasu kuma irin kakana ne, waɗanda suka gane cewa nisa da hanyar mota shi ne nisa da gardi da dogarin sarki. Bayan zuriya biyu, duk sun zama abu guda, wato masu gari.

Mai karatu da ya san tarihin wasu nahiyoyi zai tuna da Ostareliya, inda Ingila ta kwashe ɗaurarru kimanin 162,000 tsakanin 1788 da 1868 ta zaunar da su, ko Guyan da Sabuwar Kaledoniya inda Faransa ta fara jibge nata a 1852 da 1864. Kamar ba ta cika ba. Can hukuma ce ta ɗauko fursuna daga nesa ta ba shi ƙasar da aka ƙwace wa masu ita. Nan kuwa Turawa ba su zo zama ba, ɗan ƙasa aka ɗaure a ƙasarsa, shi ya nema wa kansa wurin zama. Amma a kan kunya mun yi tarayya. Iyalai a Ostareliya sun daɗe suna ɓoye kakan da ya zo a cikin mari, sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 abin ya juya ya zama abin nema, har a 2010 UNESCO ta sanya wurare 11 na zaman ɗaurarrun cikin kayan tarihin duniya. Sun ci sa'ar takarda: an rubuta sunan kowa, da laifinsa, da tsawonsa, da jirgin da ya kawo shi.

Shirunmu yana da saiwa biyu, kuma a ganina bai kamata a haɗa su ba. Ta farko ita ce a kunnen Bahaushe kaso gidan ɓarawo ne, sai jikoki suka ɗauki kunyar laifin da ba a yi ba. Mutumin da aka ɗaure don fari sun cinye masa gero bai saci komai ba, kuma ɓoye shi tamkar amincewa ne da hukuncin kumandan. Wannan shirun ya dace a kawar da shi. Ta biyu ta fi zurfi: wanda ya fara tonon yadda kakansa ya zo daji, yana iya tono bauta, ta gidansu ko ta maƙwabta, kuma har yau kalma ɗaya a kan asali tana iya warware baiko. A nan mai bincike ba shi da ikon buɗe abin da masu shi suka rufe. Na ga ɗalibai suna shiga ƙauye da rakoda kamar masu karɓar bashi. Ba haka ake tambayar tsoho ba.

Zamanin ya rufe cikin shekara guda da ƴan watanni. A 1945 ambaliyar gulbi ta rushe tsohon garin Maraɗi, aka tayar da mutane zuwa kan tudu, aka yanka musu filaye a miƙaƙƙun layuka, tsofaffin zaurukan da suke riƙe da labarin kowane gida suka koma ƙasa. Daga ƙarshen 1945 zuwa farkon 1946 aka soke dokar ƴan ƙasa, ranar 11 ga Afrilu 1946 kuma dokar da take ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin dole. Wanda yake da wayo a lokacin, yau ya haura tamanin da biyar.

Mai neman kakansa a takarda zai nufi gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, ko Dakar, ko Aix-en-Provence, inda rahotannin rangadi, da littattafan ƙidaya, da na kotun ƴan ƙasa suke. Sai dai ya shirya wa wahala, domin kunnen Bafaranshe ne ya ji sunan daga bakin tafinta, ga Abdu da Musa da yawa a kowane shafi, ba sunan dangi. Aikin Philippe David na 1964 a kan tsohuwar daular Maraɗi da tsohon garinta zai taimaka masa wajen gane unguwanni da sarautu. Abin da ya rage yana wurin tsofaffin mata, waɗanda suka fi maza riƙe wa ya auri wa, kuma daga ina, yana kuma cikin laƙabi da sunayen gonaki.

Da na je ƙauyenmu na jigawa, wata gwaggona ta kai ni gonar da kakan ya fara sara. Gonar Igiya ake ce mata. Na tambayi yaran da suke tsaron tsuntsaye dalilin sunan, suka ce ai don ramar da ake shukawa a gefenta ne. Gwaggo ta dube su, ta dube ni, ta ce mu koma gida rana ta yi.