Hannun Jama'a a Makarantun Sakandare na Wurno da Raba da Goronyo

Duk wanda ya yi aikin koyarwa a ƙasar Wurno da Raba da Goronyo, kamar yadda Allah ya ƙaddara mini, ya san mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne wajen ɗaukar nauyin ilmi, domin tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno, inda ya zauna har wafatinsa a 1837, jama'a ce ke gina wa malami zaure, ta nome masa gona, ta ciyar da almajiransa, ba da umarnin kowa ba, sai don ta ɗauki lamarin a kan farali ne na kifaya.

Boko kuwa ta wata ƙofa ya shigo. A zamanin En'e hakimi ne ke aika wa dagatai a kawo yara elementare, iyaye na ɓoye 'ya'yansu a rumbu, kuma Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 kafin a ba shi hakimcin Raba a 1934, ya ga al'amarin ta fuskokinsa biyu. Haƙiƙa akwai tilas a wancan tsari, amma akwai kuma wanda za a tuhuma, tun da in rufin aji ya yaye an san ƙofar da za a yi wa sallama.

Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, shekarar da aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa, kuɗin mai ya sa gwamnati ta rungumi komai, daga littafi har abincin 'yan kwana, sai jama'a suka naɗe hannu suna cewa kayan gwamnati ne. Da aljihun gwamnati ya yi rauni bayan 1980 aka waiwayi ƙungiyar iyaye da malamai, amma galibi ba a kiranta sai in za a yanka wa iyaye kuɗi, alhali kuwa wanda ake nema ranar biya kaɗai ba ya jin yana da haƙƙi a cikin abu.

Bayan dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ne aka fito da kwamitin gudanar da makaranta, wanda ya haɗa basarake da tsofaffin ɗalibai da wakilan mata da na masu sana'a, shugaban makaranta yana magatakarda. Na shaida albarkarsa da idona. Idan lokacin cirar albasa ko yankan shinkafa ya zo a fadamun da ruwan Rima da madatsar Goronyo ke shayarwa, ajujuwan samari kan wofinta, kuma abin da bulalar malami ta kasa, kalma guda ta liman a huɗubar Juma'a takan yi shi. Haka nan iyaye mata, waɗanda ke shiga inda namiji ba ya shiga, su ne suka sha roƙar arzikin a jinkirta auren yarinya har ta rubuta jarrabawar ƙarshe.

Sai dai an ɗora wa kwamitin amana ba a ba shi iko ba. Malamin da ke zaune a birnin Sakkwato, yana leƙo aji yadda ya ga dama, ba ya shakkar dattawan gari, domin ba su da ta cewa a kan albashinsa ko canjin wurin aikinsa, kuma kwangilar gini a birni ake ƙulla ta. Dokar ta-ɓaci a kan ilmi da gwamnatin jiha ta ayyana a 2015 ta farkar da mutane, amma fitinar 'yan bindiga ta biyo baya, aka rufe makarantun kwana da dama aka kwashe ɗalibansu, uba ya yi nisa da inda 'yarsa ke karatu. Saboda haka nauyin ya koma kan makarantun jeka-ka-dawo na cikin garuruwa, kuma a nan ne nake ganin wajibi ne shugaban kwamiti ya riƙa sa hannu a rajistar zuwan malamai kowane wata, a kuma karanta lissafin kuɗin makaranta a ƙofar fadar hakimi ƙarshen kowane zango.